Shekarar da Muka Dama wa Baƙuwa Iri

Bana ruwa ya yi mana halin nasa. Ya zubo a farkon damina, mutane suka ɗauki sungumi da murna suka yi shuka, gero ya fito har gonaki sun fara kore, sai sama ta washe ta ƙi komawa. Daga inda nake zaune a ƙofar ɗakina a Magama ina jin manyan motoci suna wucewa zuwa boda, ina kuma kallon geron bayan gida, ganyensa duk ya nannaɗe. Tsohuwa ba ta da aikin da ya wuce kallon gabas, ni kuwa na kalla har wuyana ya gaji.

Cikin wannan zafi jikata Nafisa ta zo daga Katsina, inda take karatun malanta. An ba su aikin bincike a kan abin da ke hana yara zuwa makaranta da damina, ita kuma ta zaɓi garinmu saboda akwai wurin kwana kyauta. Ta yini tana shiga gida gida da wayarta, ta dawo da la'asar ta zube a tabarmata tana huci.

"Kaka, mutanen garin nan sun gagare ni. Na tambayi mace ko yaranta na karyawa kafin su fita, ta ce alhamdulillahi. Na tambaya ko abinci na isar su, alhamdulillahi. To ni me zan kai wa malaminmu? Alhamdulillahi?"

Na yi dariya har da tari. Na ce mata ta zauna, an taɓa yin wata da ta riga ta shan wannan wahalar, a garin nan kuma, tun uwarta ba ta zo duniya ba.

'Yan shekaru ne kafin Turawa su tafi. Ina gidan mijina da 'ya'ya biyu, babban, wanda ba na kiran sunansa, da ƙanwarsa da ke bayana. Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, saboda haka tun cikin bazara rumbunmu ya fara amsa kuwwa idan an buɗe shi. Maigidan ya jira ruwan fari, muka yi shuka, sannan ya tsallaka Faransa, haka muke kiran ƙetaren iyaka a lokacin, ya nufi wajen Maraɗi neman ƙwadago ko ya samo mana hatsi. Ya bar ni da uwarsa, Inna. Doguwar mace ce mai tsabta da ji da kai, wadda ko ciwo take yi ba za ka ji daga bakinta ba.

Bayan tafiyarsa sai fari ya sauka. Rana takan fito fara fat tun da hantsi, yashi ya ɗau zafin da ba ka iya taka shi ba takalmi. Da yamma hadari ya taso ta gabas, baƙi ƙirin, mu fito da ƙorai da tukwane, sai iska ta zo ta kwashe shi ta yi arewa da shi. Shukar ta tsaya, ta yi ja, ta kwanta. Kowa ya san sai an sake shuka idan ruwan ya dawo, kuma wanda ba shi da iri a ranar ya rasa shekarar gaba ɗaya.

Namu irin yana rataye a saman madafa, dami guda na zangarniyar gero da maigidan ya zaɓa da hannunsa, hayaƙi ya yi masa baƙi don kada ƙwari su taɓa shi. Kullum na shiga madafa sai na ɗaga kai na dube shi. Ban taɓa miƙa hannu ba, ko ranar da yarinyar ta yini tana tsotson nonon da babu komai a ciki.

Ga yadda yininmu yake. Da sassafe mu mata mu fita daji a ayari, mu tsinko tafasa da yaɗiya, masu ƙarfin tafiya su wuce har inda anza take. Anza kuwa sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacinta ya ragu, kuma ko ya ragu yana nan a maƙogwaro. Mu dawo rana tsaka, mu dafa ganyen, mu barbaɗa masa ɗan tsaki ko dusa idan akwai. Idan babu, a ci haka. Amma akwai abin da ba ma fasawa. Da safe kafin mu fita sai an ji ƙarar taɓarya a kowane gida, ko da ƙaiƙayi ne a turmin. Da yamma sai hayaƙi ya tashi a kowace madafa, ko da ruwa ne zalla a tukunyar. Kowa ta san abin da ke turmin maƙwabciyarta, tunda irin sa ne a nata, amma ba mai ɗaga zancen. Mu a wurinmu wannan shi ne rufin asiri.

Babban nawa yana cikin yaran da aka rubuta a makarantar elemantare ta Jibiya. Tafiya ce mai ɗan nisa ga yaron da bai karya ba. Rannan jiri ya kwashe shi a hanya, wasu masu jakai suka dawo mana da shi, daga ranar na hana shi zuwa. Ashe haka aka yi a gidaje da yawa, har aji ya kusa zama fayau. Labari ya kai Katsina cewa mutanen bakin iyaka ba sa son boko, suna ɓoye 'ya'yansu a Faransa. Wasu manyan hukuma suka ce a turo dogarai kawai. Wani mai hankali a cikinsu ya ce a fara aikawa a gano dalili, in yunwa ce akwai hatsi da iri a ajiyar hukuma, in kuwa taurin kai ne to dogaran na nan. Da yake namiji ba ya shiga cikin gidajen mutane, sai aka turo mace.

Sunanta Malama Saude, malamar makarantar 'yan mata ce, gajera mai fara'a, ta zo da ɗan sikeli a cikin jaka. Tun ana gobe za ta fara aiki sanƙira ya zagaya gari yana shela cewa baƙuwa daga birni za ta shiga gidaje, kowa ya kintsa. Mai gari da kansa ya zaɓi gidajen da za ta shiga, ya kuwa zaɓi waɗanda ba za su ba shi kunya ba. Namu na ciki, saboda kowa ya san Inna.

Da safe Inna ta sa na share tsakar gida har sau biyu. Sannan ta tsaya a ƙofar madafa ta nuna sama da haɓa.

"Ke Rabi, sauko mani da wancan."

Na ce, "Inna, iri ne fa."

"Na san mi ne ne, ni na haihi mai shi. Baƙuwa ta taho tun daga Katsina, mu tarbe ta da ruwa tsura? Gidan ga ba a taɓa yin haka ba, ba kuwa a kaina za a hwara ba."

Na sauko da shi. Ta zare zangarniya masu yawa, na sussuke, na surfa, na daka. Ta aika da 'yar tasarta ta aure wurin Fulanin bakin gulbi aka ba ta nono. Ƙamshin furar nan da ya tashi, wallahi har yau ina jin sa. Yaron ya tsaya a bakin turmi yana haɗiyar yawu, Inna ta harare shi ya koma ɗaki.

Malama ta zo ta zauna a sabuwar tabarma. Ta nemi izini ta auna garin da za a yi tuwon dare da shi, wanda shi ma daga irin ne, ta rubuta. Ta tambayi sau nawa muke ɗora tukunya, Inna ta ce safe da yamma, kuma ba ta yi ƙarya ba. Ta tambayi ko hatsi zai kai mu kaka, Inna ta ce, "Alhamdulillahi, lahiya lau muke." Ta tambayi me ya hana yaro zuwa makaranta, Inna ta ce ƙiwa ce irin ta yaran zamani. Ni ina gefe da goyo, ba a tambaye ni ba, ko an tambaye ni ma ba zan buɗe baki a gaban uwar miji ba. Aka miƙa wa baƙuwa ƙwaryar fura. Ta ce ta ƙoshi, Inna ta ce ba a yi ba. Ta sha kaɗan, ta yi godiya ta tafi.

Bayan 'yan kwanaki aka ce za ta sake zagayowa, don ta ce awo ɗaya ba ya isa. Inna ta sake nuna sama da haɓa. Wannan karon na yi magana, ni da ban taɓa ɗaga mata murya ba. Na ce, "Inna, muna cinye shekara mai zuwa don mu nuna wa matar da aka aiko ta ga yunwarmu cewa ba mu da yunwa. In ta koma ta ce mun ƙoshi, ba iri, ba hatsi, sai dogarai." Ta dube ni tsawon lokaci, idonta ya kaɗa. Ta ce, "Kin gama? To sauko da shi." Na ji haushinta ranar, haushin da ban taɓa jin irin sa ba. Sai da na tsufa na gane cewa ita ma tana ƙirga zangarniyar nan a zuci, kunya ce kawai ta fi ƙarfinta.

A zuwa na biyun na lura da wani abu. Malama ta kai ludayi baki, ta tsaya da furar a bakinta ba ta haɗiye ba. Ta ɗaga kai ta dubi ƙofar madafa, ta dubi saman, inda damin ya rame ya koma ɗan ƙulli. Ta ajiye ludayin a hankali. Sai ta yaba wa Inna da iya dama fura, ta yi sallama.

Kashegari sanƙira ya sake fitowa da wata shelar. Malama Saude tana ramuwar azumi har ranar da za ta bar garin, kada kowa ya wahalar da kansa da girki dominta. Na ji shelar ina tsakar gida, na shiga madafa na dubi ragowar irin nan, na zauna a ƙasa na yi kuka. Azumin kuwa da gaske ta yi shi, cikin zafin nan, leɓunanta duk suka tsage.

Daga nan ta sake salon aikinta gaba ɗaya. Ta je wurin mai gari ta ce ta gode da gidajen da ya zaɓa, amma yanzu ƙuri'a za ta yi. Ta sa aka karyo tsinke, kowane gida da nasa da alamarsa, aka zuba a ƙwarya aka rufe, ta riƙa zarowa ba ta duba ba. Gidan da ya fito shi za ta shiga, na mai kuɗi ne ko na gwauruwa a bayan gari. Mai gari bai ji daɗi ba, amma ya ƙyale ta. Ta kuma daina faɗin ranar zuwanta, sai dai kawai a ji sallama. Wannan ma bai ishe ta ba, don mu ba mu da dama. Da an hango ta ta shigo lungu, yara sun kai labari, kafin ta iso an hura wuta an ɗora tukunyar ruwa, an rufe da faifai.

Sai ta bar sikelin a masauki ta fara bin mu daji. Ta ga yadda aka tsige tafasa har ƙasa, ta ga nisan da muke yi kafin mu sami anza. Ta riƙa tsayawa a bakin juji tana duba ko akwai sabon ƙaiƙayi. Ta tambayi ina kajin garin suka tafi, mata suka kau da kai. A hanyar dawowa wata rana ta jero da ni, muka ɗan ja baya da sauran.

Ta ce, "Rabi, ni ɗiyar manomi ce. Geron da ya kwana a rumbu da wanda ya shekara a saman murhu ba ɗanɗanonsu ɗaya ba. Hurarku hayaƙi take yi."

Na ce ban san abin da take nufi ba.

"Ba sai kin sani ba. Sikelina bai yi ƙarya ba, abin da aka ɗora mashi ya auna. Ni ce na auna abincin baƙo na ɗauka na 'yan gida ne. Ranar da aka san zan zo ai ba irin ranakunku ba ce. Duk abin da na rubuta a kwanakin hwarko na ajiye shi gefe, ba zan kai shi ko'ina ba. Amma abin da na gani a daji da juji ba ya isa, za su ce zato nike. Sai na ji daga bakin mutane."

Na ce mata gaskiya ba mai faɗa mata. Matar da ta ce gidan mijinta babu abinci ta tona masa asiri, kuma maganar za ta bi 'ya'yanta har ranar aurensu. Muka ci gaba da tafiya, ƙafafunmu na nutsewa a yashi. Can ta ce, "To ba gidanku nike tambaya ba. Gidanku lahiya lau, Inna ta hwaɗa mani. Maƙwabta hwa? Ba na son suna. Ko kin san wata a unguwarku da abin ya matsa mata?"

Na gyara goyona. Sannan na ji bakina yana cewa, akwai wata maƙwabciyata. Mijinta ya tsallaka Faransa. Rabonta da tuwon hatsi tun kafin ruwan fari. Da safe ƙaiƙayi take dakawa don a ji ƙarar turmi, da yamma ruwa take tafasawa don a ga hayaƙi. Ɗanta ya faɗi a hanyar makaranta shi ya sa ta hana shi zuwa, ba ƙin boko ba ne. Nononta ya ƙafe. Irin da za su shuka ya kusa ƙarewa. Ina faɗa hawaye na zuba, ita kuwa ba ta dube ni ba ko sau ɗaya, idonta na kan hanya. Da na gama ta ce, "Allah sarki. Allah ya kawo wa maƙwabciyar taki sauƙi." Na ce amin.

Haka ta bi matan gidajen da ƙuri'a ta faɗa wa, ɗaya bayan ɗaya, a bakin rijiya ko a hanyar daji, inda babu uwar miji kuma babu tabarmar baƙi. Ashe kowace mace a Magama tana da maƙwabciya. Daga baya muka riƙa tsokanar juna da shi, idan wata ta ce ina kwana sai a ce mata ya jikin maƙwabciyarki. Har Inna ma Malama ta same ta a bakin rijiya. Ban san abin da suka tattauna ba, na dai hango su sun daɗe, Inna tana magana tana kallon cikin guga.

Malama ta koma Katsina. Muka ci gaba da kallon gabas da kallon hanya, ba mu san wanne zai riga zuwa ba, dogarai ko hatsi. Ruwa ne ya riga su duka. Ya sauko da rana tsaka da ƙarfinsa, ƙamshin ƙasa ya cika gari, yara suka fita tsirara suna ihu. Ni da Inna muka sussuke ɗan ragowar irin, muka fita da sungumi. Bai kai ko kusurwa ɗaya ta gonar ba. Muka tsaya a tsakiyar jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga ruwa, ga gona, hannunmu babu komai. Ba wadda ta dubi 'yar'uwarta a cikinmu.

Ƙasar ba ta gama shan iska ba sai ga mota daga Katsina ta tsaya a Jibiya. Ba a tara manya a ƙofar mai gari an ce su miƙo ƙwarya ba, kuma na tabbata shawarar Malama ce. A makaranta aka sauke buhunan. Aka ce za a riƙa dama wa yara kunu da hantsi, kuma duk yaron da ya zo zai koma gida da ƙunshin iri. Gidajen da ba su da ɗan makaranta aka aika musu ta hannun yaran maƙwabta. Babban nawa ya shigo da nasa a ka, yana tafiya yana tangaɗi don nauyi. Inna ta kwance ƙunshin, ta cusa hannu cikin geron har wuyan hannu, ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Kin gani, Rabi, yaro ya yo mamu tsaraba daga makaranta." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan maganar ba har ta koma ga Allah.

Mun yi shuka a makare, abin da muka girbe bai cika rumbu ba, amma ya kai mu. Da maigidan ya dawo da ɗan buhunsa a kan jaki ya tarar da gero tsaye a gonarsa. Malama Saude kuwa ban sake ganin ta ba.

Nafisa ta saurare ni har ƙarshe ba ta taɓa wayarta ba, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce duk waɗannan dabarun akwai su a littattafansu da sunaye na Turanci, har da ƙuri'ar, amma ba a taɓa gaya musu a yi azumi ba. Na ce ai ba kowa zai iya ba, ke da ba kya wuce hantsi ba ki nemi shayi ba.

Ta yi dariya, ta gyara zama ta ce bari ta gwada a kaina. Ta maƙale murya irin ta ma'aikata.

"Hajiya Rabi, kin ci abinci yau?"

"Alhamdulillahi," na ce, tun kafin na yi tunani.

Ta buɗe baki za ta yi dariya, sai ta fasa. Ta dubi ƙofar madafata, ta dubi murhun, tokarsa a kwance babu alamar an taɓa ta. Tun zuwanta a gidan kawunta take cin abinci, ni kuwa kullum ina ce mata na riga na ci. Hatsi ya yi tsada bana, kawun nata kuma yana da bakuna da yawa, ban ga dalilin ƙara masa nawa ba.

Ta sauke murya. "Kaka, maƙwabciyarki fa?"

Na kalli gabas. Na ce, "Maƙwabciyata tun shekaranjiya ba ta ɗora tukunya ba."

Ta ajiye wayar a kan tabarma, ta tashi ta ɗauki mayafinta ta nufi kasuwa.